Inda Gajiyar 'Yan Guduma Take Sauka

Duk wanda ya shiga ofishin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Guduma, kofuna ne ke fara tarbarsa, jere cikin gilashi suna ƙyalli. Masu sharhi a rediyo har gobe suna kumfar baki wai 'yan wasanta ba su san gajiya ba. Wannan yabon haushi yake ba duk wanda ya san inda gajiyar take sauka.

A bayan wata tashar mota aka kafa Guduma. Makanikai ne da masu faci, in sun tashi aiki sai su taka leda a wani fili da rabinsa bola ce. Wanda ya tara su wani mai sayar da taya ne, shi ake kira Shugaba, ƙaninsa kuma shi ne koci. Matar Shugaba ke wanke rigunan wasa a tsakar gida, tana tsokanarsa wai ita ba ta san da ƙarti goma sha ɗaya aka ɗaura mata aure ba. Suna da 'ya'ya biyu, namiji da mace. Babu arziki a gidan, amma ana dariya.

Ƙungiyar ta hau har rukuni na biyu, nan ta cije. Kullum labarin ɗaya ne: su fara wasa da zafi, ana dawowa daga hutun rabin lokaci sai harshe a waje, a yi ta zura musu. Shugaba kuwa ya ga yadda masu manyan ƙungiyoyi ke sayar da ɗan wasa ɗaya su gina bene, sai idonsa ya rufe. Ƙwallon ta fita daga ransa, benen ya shiga.

Da rana tsaka ya je wurin wani boka, a wata tsohuwar mayanka da aka daina amfani da ita. Ɗakin babu taga, ƙarni ne ya fara dukan hancinsa. An lulluɓe bango da wata raga da ta yi baƙi ƙirin da jini. A saman kansa huhun dabbobi ne rataye a ƙugiyoyi, suna kumbura suna sacewa a hankali, alhali babu jikin da ke riƙe da su.

"Ranka ya daɗe, so nake yarana su daina gajiya," in ji Shugaba. "Ko an kwashe musu ƙafa su miƙe."

"Gajiya kaya ce, Shugaba," in ji bokan. "Ba ta ɓacewa. In na sauke ta daga kan wani, sai na ɗora wa wani."

"A ɗora wa waɗanda muke karawa da su."

"Su ba naka ba ne. A ina ake wanke rigunan?"

"A gidana."

"To a ci gaba. Ruwan wankin a zubar a tsakar gidan, kada ɗigo ya bi kwata. Gidan zai ɗauka."

Akwai tambaya ɗaya da ta rage, Shugaba ya ji ta a kan harshensa, ya haɗiye ta. Ya ce wa kansa gida ai bulo ne da siminti. Kada kowa ya ce yaudararsa aka yi, ƙin tambaya ya yi don yana tsoron amsar. Bokan ya miƙa masa wata ƙwallo da ta sace, ya ce ya hura ta da bakinsa. Ya yi ta hurawa har jiri ya ɗebe shi, aka tsaga masa babban yatsa aka toshe bakin ƙwallon da jininsa. Nan take huhunan da ke rataye suka fara haki da sauri.

Daga wannan kakar Guduma ta zama dodo. Ta haye rukuni na ɗaya ba a doke ta ba, ta ɗauki kofin ƙasa, ta sake ɗauka. Aka gina filin wasa mai rumfa, aka sayi doguwar mota da tambarin guduma a jikinta. Shugaba ya sayar da ɗan gaba zuwa ƙasar waje, ya rushe gidansa ya tayar da bene a wurin, amma bai bari an taɓa tsakar gidan ba. Matar attajiri guda tana durƙushe tana wanki, in an yi magana sai ya yi dariya ya ce hannunta ne sa'ar ƙungiya.

Ita kuwa duk ranar wasa, tana zaune sai gumi ya karyo mata, ƙirjinta na bugawa, ƙafafunta su ɗaure.

"Maigida, ni fa ban gane ba," ta ce masa. "Ban je ko ƙofar gida ba, amma ji nake kamar an kore ni gudu tun safe."

"Girma ne ya fara kama ki," ya ce, yana duba wayarsa.

Ranar da suka ɗauki kofi na biyu wasan ya kai ƙarin lokaci. Kafin a busa tashi zuciyarta ta tsaya, tana riƙe da kofin ruwa. Bayan haka, a wani wasa, ɗan wasan bayan Guduma ya yi mummunan karo da kai, kowa ya ɗora hannu a ka, sai ga shi ya miƙe yana murmushi. A daidai lokacin ɗan Shugaba, saurayi mai karatu a jami'a, ya faɗi daga kujera jini na fita ta kunnensa. Da ya farfaɗo bai ƙara gane kowa ba. Zagaye tsakar gida kawai yake da gudu yana ihu a ba shi ƙwallo, har ranar da ya faɗi bai tashi ba.

Saura 'yar. Ta rame, numfashi da ƙyar, ga wasan ƙarshe na kofin nahiya ya matso. Koci, wanda ya daɗe yana haɗa abin da yake gani a fili da abin da yake tararwa a gida, ya tare yayansa a ɗakin canza kaya.

"Yaya, ka dube ni. Me ka yi?"

Shugaba ya faɗa masa, har da cewa ya koma wurin bokan. Bokan ya ce ƙasa ta riga ta sha ruwan wankin, ko ya daina wankin, ko ya kai yarinyar bangon duniya, jininsa ne zai ɗauka. Mafita ɗaya ce, ya rushe ƙungiyar kafin a sake busa usur.

"To rushe ta mana! Yau ɗin nan!"

"Masu son sayen ƙungiyar daga waje za su zo kallon wasan. Minti casa'in ne kawai. Ka ce wa yara su bi a hankali."

"Allah ya isa tsakanina da kai," in ji Koci. Ya cire usur daga wuyansa ya jefa masa a ƙirji, ya tafi asibiti wurin 'yar wansa.

Kafin Shugaba ya wuce fili ya leƙa ta. Ta kama hannun rigarsa. "Baba, ka zauna da ni yau." Ya ce yanzu zai dawo.

Wa zai ce wa ɗan wasa ya bi a hankali a wasan ƙarshe? Suka yi gudu irin wanda ba su taɓa yi ba. Da aka tashi kunnen doki aka shiga ƙarin lokaci, sai a sannan hankalin Shugaba ya dawo jikinsa. Ya diro daga rumfar manyan baƙi yana ihu a tsayar da wasa, masu tsaro suka riƙe shi suna dariya, a zatonsu zumuɗi ne. Guduma ta ci. Magoya baya suka ɗaga shi sama suna waƙa, wayarsa na ta ruri a aljihu, shi kuma ya san ko wane ne da abin da za a faɗa masa.

Tun kafin a fara wasan ya sa hannu a cinikin, don haka ƙungiyar ta riga ta fita daga hannunsa. Ya je har ofis ya durƙusa yana roƙon sababbin masu ita su rushe ta, suka sa aka fitar da shi kamar mahaukaci. Yanzu a benen nan babu wanda ya rage sai shi. Duk ƙarshen mako, da an busa usur, maƙwabta kan ji shi yana gurnani, ƙasusuwansa na ƙara, gajiyar ƙarti goma sha ɗaya tana sauka a kan tsoho guda. Mutuwar da yake kira ta ƙi zuwa.

Kai da ke ganin naka arzikin ya yi jinkiri har kana tunanin bin irin wannan hanya, ka sani ba kai za ka fara biya ba. Waɗanda suka yarda da kai, suke kwana ƙarƙashin rufinka, su za a fara ɗauka kana kallo, sa'annan a waiwayo kanka a lokacin da babu mai miƙa maka ko ruwa.