Kati Na Biyu Na Alhaji Muntaka

Ranar Litinin da hantsi Hashim ya shigo komisariya, ofishin 'yan sanda, a fusace, ya dangwara takardar banki a teburin Sufeto Muhaimin.

"Mahaifina wata biyar a kabari, Sufeto, amma duk ɗaya ga wata sai ya ciri kuɗi!"

Muhaimin ya san mamacin. Wa bai san Alhaji Muntaka ba a Garwa? Dillalin shanu ne da ya shekara arba'in yana ciniki da musabaha kawai, bai taɓa sa hannu a takarda ba sai dole.

"Kun kai wa banki takardar mutuwa?"

"Ni da hannuna. Suka ce an rufe komai sai an raba gado."

A banki, shugaban sashen katuna Umar Faruƙ ya juyo masa da kwamfuta yana sharce gumi, alhali sanyin ofishin har cizo yake.

"Kowane kati da kwantiraginsa, Sufeto. Na Alhaji kati biyu ne a ƙarƙashinsa, nasa da wani ƙari. Da ya rasu muka soke duka. Bayan kwana tara wani ya farfaɗo da na biyun."

"Wa?"

Umar Faruƙ ya nuna masa allon. "Lambata ta sirri ce ta amince. Amma wallahi ban taɓa ba kowa lambata ba."

Muhaimin ya duba allon. Juma'a, ƙarfe ɗaya da minti ashirin.

"Ba ka zuwa masallaci ke nan?"

"Haba, Sufeto! Sahun farko ma."

"To aljani ne ya zauna a kujerarka?"

Nan fa mutumin ya sauko. Ashe duk Juma'a a buɗe yake barin kwamfutarsa, don kada mahauta su yi ta jira, ga shi ranar ce ranar cinikinsu. Mutum ɗaya ke tsare sashen a lokacin, Raihana.

Raihana siririyar mace ce mai sanyin murya, idonta kamar na wadda ta daɗe ba ta yi barci ba.

"Ran nan na fita sayen magani, ranka ya daɗe. Ban taɓa komai ba."

"Kin san Alhaji Muntaka?"

"Kamar yadda kowa ya san shi."

Muhaimin bai ja ba. Wani abu dabam ne ya tsaya masa a rai. A da, katin yana iya cire kuɗin sefa dubu ɗari biyu a wata. Wanda ya farfaɗo da shi ya rage iyakar zuwa dubu talatin da biyar. Shekararsa goma sha shida a aiki, bai taɓa ganin ɓarawon da ya ɗaure wa kansa hannu ba.

Hoton na'urar cire kuɗi ya nuna tsoho ɗaya duk wata, da sanda, yana laluben maɓallai da yatsa. Mahautan kasuwa suna gani suka ce, ai Baba Saleh ne na Yelwa.

Muhaimin ya same shi a zaure, ƙafa ɗaya naɗe da tsumma, idanun sun yi fari. Ciwon suga ya cinye shi.

"Sannu, Baba. Daga wajen banki ne, tambaya ce kawai." Ƙaryar ta yi wa Muhaimin ɗaci a baki.

"Marhaba, ɗana. Katin? Alhaji ne ya ba ni. Shekara ashirin ina koro masa shanu daga Meiganga da ƙafar nan. Da ta lalace ya ce, Saleh, allurarka a wuyana take har ka mutu. Sai ga shi ya riga ni." Tsohon ya goge ido da bakin riga. "Bayan rasuwar na je, na'ura ta ƙi. Kwana tara ba allura, har na fara ganin lahira. Sai yarinyar nan ta zo ta ce an gyara, iyalan Alhaji sun ce a ci gaba. Allah ya yi musu albarka."

"Wace yarinya?"

"Raihana mana. Marainiyar da Alhaji ya biya wa makaranta tun daga firamare."

Muhaimin ya fito ya daɗe zaune a mota bai tayar ba. Ya so a ce ɓarawo na gaske ya kama, wanda zai tsana hankali kwance.

Ranar Laraba ya tara su a ofishin Umar Faruƙ, har da Hashim da Raihana. Ya dubi shugaban sashen.

"Shef, lambarka ce a kwantiragin. Kai zan tafi da kai."

"Sufeto, 'ya'yana huɗu!"

"Ku bar shi." Raihana ce ta miƙe. "Ni ce."

Ta yi magana ba kuka, wanda ya fi kukan ciwo. Kwana biyu kafin ya cika, Alhaji ya kira ta asibiti, ya riƙe hannunta ya ce, kada katin Saleh ya mutu. Ta ce masa a rubuta. Ya yi dariya ya ce shi da ita har sai an rubuta?

"Na je wajen Yaya Hashim na faɗa masa."

Hashim ya sunkuyar da kai. "Na ce ki kawo takarda."

"Kwamfuta ma abin da ta ce ke nan. Babu gurbin da ake rubuta ya riƙe hannuna. Na tambayi kuɗin allura a famasi, na sa iyakar daidai da shi. Ko dala ban taɓa ba. Na san dukiyar magada ce, na san na jefa Shef a wuta. Amma na ga Baba a kwance ran nan, ƙudaje na bin ƙafarsa."

"Na janye ƙarar," in ji Hashim. "Sufeto, na janye."

"Ka makara. Banki ya shigar da tasa tun jiya."

Umar Faruƙ ya ce a hankali, "Kuma an soke katin da safe. Umarni ne daga sama."

Sai a lokacin Raihana ta dafe tebur. "Yau nawa ga wata?"

Ɗaya ga wata ne.

Muhaimin bai sa mata ankwa ba. Suka fito ta babbar ƙofa cikin ranar Garwa mai ƙuna, ita a gaba, shi a baya, Hashim na biye kamar wanda aka zare wa laka.

Ga tsohon nan a bakin na'ura, jingine da sanda, yana shafa ramin da katin ya shige. Ya ji takunta ya juyo da murna.

"Raihana? 'Yata, gara da kika fito. Abin nan ya haɗiye mini kati. Ko na danna ba daidai ba ne?"

"Daidai ka danna, Baba."

"To shiga ki karɓo mini. Ina nan, ba na sauri."

Muhaimin ya buɗe mata ƙofar mota, ya kau da kai don kada ta ga idonsa. Da suka kai kwana ya duba madubi. Baba Saleh ya samu gefen inuwa ya zauna, ya ɗora sandar a cinya, fuskarsa na kallon ƙofar bankin.