Tukwane Bakwai na Tumatir

Ƙawata, matso ki ji. A can wani zamani, lambun wata mata ya yi albarka. Ta niƙa tumatir, ta dafa ya yi kauri, ta cika tukwane bakwai, ta rufe samansa da man gyaɗa.

Maƙwabciyarta Talatuwa kuwa gayan tuwo 'ya'yanta suke ci, amma kunya ta hana ta roƙo.

Kullum sai matar ta miƙa kwano ta katanga: "Yaya Talatuwa, taimake ni, zai lalace!"

"Ke dai ba ki iya ajiya ba!" in ji Talatuwa, tana karɓa tana dariya.

Kullum haka, har tukwanen suka ƙare, yara suka murmure.

Allah ya sani, tumatirin da mai ya rufe ba ya saurin lalacewa. Amma don Allah kada ki gaya wa kowa, kada Talatuwa ta ji.