Ba Zan Ajiye Sifana Ba

Ƙaurin baƙin mai ne ya riga motar shiga garejin. Mai ita malamin lissafi ne, dogon saurayi mai gilashi, ya fito yana fifita hanci da takardun ɗalibansa.

"Ina mai garejin?"

"Baba ya fita. Buɗe bonet."

Ya juya ya ga budurwa cikin rigar aiki, ta ɗaure ɗankwali tam, tana goge hannu da tsumma. Ya ɗan tsaya yana kallonta.

"In namiji kake jira, ga benci can," ta ce. "Sai la'asar zai dawo."

Ya buɗe bonet ɗin da sauri. Ya ce garejin da ya fara zuwa sun ce sai an sauke inji gaba ɗaya. Ta haska fitilar wayarta, ta bi gefen murfin saman injin da yatsa, ta nuna masa yatsan ya yi baƙi.

"Injinka lafiya lau. Gasket ne, robar da ke tsakanin murfin nan da inji. Ta bushe ta tsage, mai yana yoyo yana ɗiga kan ƙarfe mai zafi. Shi ne hayaƙin."

Ta jira injin ya huce. Ta zare wayoyin filogi, ta kwance notuna, ta ɗaga murfin. Tsohuwar robar ta kakkarye a hannunta. Ta kankare wurin tas, ta ɗiga gam a kusurwoyi, ta shimfiɗa sabuwa, sannan ta bi notunan da sifana, daga tsakiya zuwa gefe, a hankali.

"Ba za ki ƙara matsewa ba?"

"In ka matse da yawa, yoyon ne zai dawo. Malam, kai da ka zo gyara, ka koma koyar da ni?"

Ya yi dariya har gilashinsa ya zame. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Injiniya, mota ta daina hayaƙi. Mai motar ne bai san inda kansa yake ba."

Ta amsa: "Wannan ba a garejinmu ake gyara shi ba, Mai Hayaƙi."

Sati bai zagayo ba ya dawo, wai yana jin wata ƙara. Ta saurara ba ta ji komai ba. Da ya dawo karo na huɗu, Baba ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota ya ce, "Samari, motar nan ta fi ni lafiya. In magana ce da kai, gida ake zuwa."

Ya je gidan. Wata biyar suna tare, kullum da saƙon safe. Shi ya san sunan kowane sifana, ita kuma ta san ɗaliban da ke ba shi ciwon kai. Abu ɗaya ne bai gaya mata ba. Ummansa ta daɗe tana yi masa sha'awar 'yar ƙawarta, ma'aikaciyar banki, kuma da ta tambaye shi aikin wadda yake so, tsoro ya sa ya ce a ofishin kamfanin motoci take.

Ranar da ya kai ta gaida Umma, ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi. Umma ta kama hannunta, ta ji tafin ya yi kaushi, ta dubi faratan.

"'Yata, aikin ofis ne ya yi wa hannunki haka?"

Ta dubi Malam. Ya sunkuyar da kai. Nan take ta gane.

"Umma, ni bakanikiya ce. A garejin mahaifina nake, shekara bakwai ke nan. Ban taɓa zama a ofis ba."

Umma ta saki hannun ta ce Allah ya yi albarka, ta tashi ta shige ɗaki.

Malam ya mayar da ita gida. Washegari ya turo: "Zuciyata, ki yafe min. Umma ta ce za ta duba maganar idan kin bar gareji. Ko na ɗan lokaci ne, har ta sauko."

Ta karanta sau biyu, idonta ya cika da ƙwalla, ta rubuta: "Da hannun nan ka gan ni ka ce kana so. Ban ji kunyarsa ba, kai ne ka ji. Ba zan ajiye sifana ba, ko na kwana ɗaya. Ka auri wadda ba sai ka yi ƙarya a kanta ba."

Sati uku ba ta ɗaga wayarsa ba. Tana aiki kamar da faɗa.

A can gida kuwa, Umma ta gayyato 'yar ƙawar tata. Malam ya gaishe ta da mutunci, da ta tafi ya zauna a gaban mahaifiyarsa.

"Umma, ban taɓa yi miki musu ba. Ba zan yi aure ba da yardarki ba, amma ba zan auri wata ba. Ƙaryar ni na yi, ita ba ruwanta. Kuma ba zan sake roƙonta ta bar aikinta ba, ko za ki yi shekara kina fushi da ni."

Kwana biyu bayan nan, Umma ta zo garejin ita kaɗai. Ta ƙi zama a benci. Ta tsaya tana kallon yarinyar tana gaya wa wani direba gaskiyar abin da ke damun motarsa, yana gardama, ita kuwa ko gezau. Da ya tafi, Umma ta matso.

"Idan na ce ki bar aikin nan fa?"

"Zan ba ki haƙuri, Umma, amma ba zan bari ba."

"Ko da za ki rasa shi?"

Yarinyar ta ce, "Ina son sa. Amma in na fara aure da ɓoye kaina, ban san inda zan tsaya ba."

Umma ta ce, "Ɗan da na haifa ya dubi idona ya yi min ƙarya. Ke da ba ki san ni ba, kin gaya min gaskiya sau biyu. Ina mahaifin naki?"

Kafin magariba saƙo ya shigo wayar Malam: "Mai Hayaƙi, Umma ta sha shayi a garejinmu. Ban gama fushi da kai ba. Ka zo ka ji sauran."

Ya zo, ya ji, bai kare kansa da kalma ɗaya ba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Direbobi da kanikawa suka cika layin, ɗalibansa suka zo ajinsu guda. Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannun ango, idonsa ya yi ja.

"'Yata na ba ka. Ma'aikaciyata kuwa, hutun sati biyu kawai na ba ta."

Aka yi dariya, har amarya da ke kuka. Umma ta jawo ta jikinta ta ce, "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Duk wanda ke wurin ya ce amin.