Fentin Faki

Gab da magariba na ɗauki dafaffen rogo da kifi zan kai wa ƙanena Faki. Tun rasuwar mahaifiyarmu ya tare a wata bukka a bakin fadamar mikoko, itatuwan nan masu tsayawa da saiwa cikin ruwan gishiri. Aikinsa zane. Wai cikowar teku haihuwa ce, janyewarta mutuwa. Ni dai taɓo nake gani da ƙaguwa.

Ruwa ya janye. Fadama dama da warinta, duk ɗan tsibirinmu na Pemba ya saba da shi. Amma warin da ya tare ni a bakin bukkar daban ne. Ruɓaɓɓen ƙwai da tsohon jini. Na toshe hanci da gefen zanena.

Na same shi tsugune gaban ƙyallen da yake zane a kai, ya rame, ƙudaje sun yanyame hannunsa na dama.

"Faki, mushe ka ajiye a ɗakin nan?"

"Yaya, rage murya," ya ce. "Dubi jan nan. Ba a sayar da irinsa a kanti."

Zanen mashigin ruwa ne, itatuwa na kallon kansu a ciki. Ya yi kyau, ban ƙi ba. Sai na ga inda yake tsoma yatsu. Tukunyar ƙasa ce, da baƙin tsumma a wuyanta.

Na ja da baya. A wurinmu idan mai magani ya cire wa mara lafiya aljani, a irin wannan tukunya yake rufe shi da jinin kaza, a binne cikin taɓo. Ko akuya ba a bari ta shinshina.

"A ina ka tono ta?"

"Ruwa ne ya tono. Ni ɗauka kawai na yi."

Wani abu ya ɗiga. Ɗis.

Daga zanen yake.

Ruwan cikin ƙyallen yana cikowa. Ya zubo ƙasa, mai yauƙi, da ɗumi. Ya taɓa min yatsun ƙafa.

Faki ya ɗora tafinsa a kan zanen. Hannun ya nutse har gwiwa.

"Inna ce," ya raɗa. "Tana riƙe da ni."

"Innarmu ba ta taɓa wari haka ba."

Na cafki ƙugunsa ina karanto duk abin da ya zo bakina. Ana ja, ina ja. Kafaɗarsa ta yi ƙara. Na sa ƙafa na hankaɗe tukunyar waje.

Aka sake shi. Muka zube tare, na yi amai a kan rogon.

Mai magani ya mayar da tukunyar cikin taɓo, ya ƙona ƙyallen. Faki ya rayu, yana gidana. Amma hannun bai sake bushewa ba, warin kuma bai bar shi ba. Sabulu, toka, lemun tsami, babu wanda ban gwada ba. Ba ya iya kai shi baki, don haka ni nake ba shi abinci.

Jiya ya ce, "Yaya, ba sai kin riƙe numfashi ba. Ki ajiye kwanon a ƙofa, zan ci da hagu."

Na ajiye masa a ƙofa.