Motar Gwaji Ta Yi Ƙafa

Yawwa, ɗan nan ya yi barci, ku matso ku sha labari tun da zafinsa.

Da safe wata mata ta faɗo ofishin 'yan sanda, takalmi ɗaya a hannu. Uwar Gareji ake ce mata, ita ta gaji garejin babanta.

"Ranka ya daɗe, sun ɗauke min motar gwaji."

Insfekta ya ajiye kofin shayi. "Wace ce kuma motar gwaji?"

Ashe kamfanin inshora ne ke neman gareji ɗaya da zai riƙa gyara motocin mutanensa idan sun yi hatsari. Sai ya ba gareji uku mota ɗai-ɗai mai lotsattsiyar ƙofa. Wanda ya fi iya gyara, kwangila tasa. Yau kuma za a zo dubawa.

"In na rasa wannan, rufewa zan yi," in ji ta. "Me zan ce wa ma'aikatana?"

Suka je garejin, har da wani kofur. Rumfa wayam. Jiya ranar hutu ta fesa shuɗin fenti, ta bar motar ta sha iska. Ba fasasshen gilashi a ƙasa, makulli kuma ga shi a jakarta.

"Ina ɗayan makullin?"

"Yana kamfani."

Insfekta bai je kamfani ba tukuna. Ya biya garejin abokin takararta, wani dattijo da ake kira Mai Tumbi.

"Mota? Rabona da layinsu har na manta, yallaɓai."

"To me ke ƙarƙashin tamfol ɗin can, bayan ɗakin tayoyi?"

"Kaji ne."

"Kaji masu madubi?"

Kofur ya ja tamfol, sai da ya sa ƙarfi, don ya manne. Ga mota nan, fenti duk ya kwaile. Uwar Gareji ta zauna a kan taya, ta kasa ko kuka.

Mai Tumbi ya fara rantse-rantse. "Ni dai ba ni na kawo ta ba. Wane makanike ne zai rufe ɗanyen fenti da tamfol? Ai ko mahaukaci!"

Insfekta ya san nan kam ya faɗi gaskiya. Ya durƙusa gaban ƙofar da aka gyara. Wasu 'yan zagaye-zagaye ne a jikin fentin, a jere, kamar an danna murfin kwalba.

Sai kamfani. Ofis mai sanyi, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Aka nuna masa jami'in da ke duba gyara, wani ɗan gaye mai farar riga.

"Yaushe rabonka da motar?"

"Tun ranar da muka ba ta."

"Yaya kuke gane gyara mai kyau?"

Nan fa bakinsa ya buɗe. "Da mayen ƙarfe, ranka ya daɗe. In an miƙar da ƙarfen da gaske, zai kama. In cike ramin aka yi aka shafe da fenti, sai ya faɗo. Ni ba na wuce mota ban gwada ba, ya zame min jiki."

"Mu gan shi."

Ya ciro shi daga aljihu da fara'arsa. Sai fara'ar ta tsaya. Bakin mayen ƙarfen shuɗi ne shar.

Ya zauna a hankali. "Mai Tumbi surukina ne. Tun da aka fara zaɓen nan matata ba ta yi min magana, ko gaisuwa, wai sai na sa shi ya ci. Cewa na yi in ɓoye motar a garejinsa yini ɗaya kawai, lokacin dubawa ya wuce."

Kofur ya sa masa ankwa.

Uwar Gareji, da ta biyo su, ta juya wurin manajan kamfanin. "Yallaɓai, ka dai ji da kunnenka. A ba ni kwana biyu in sake fentin."

Manaja ya kasa kallonta. Ya ce tun ɗazu kwamiti ya zauna, an ba gareji na uku. Shi ba shi da iko, sai in an sake buɗe zaɓe, kuma ba bana ba. Ta dubi Insfekta. Shi ma ya sunkuyar da kai, nasa kama ɓarawo ne, ya kuma kama.

Ana fita da jami'in ta sha gabansa a bakin ƙofa.

"Ɗan'uwa, abu ɗaya zan tambaye ka. Da ka gwada, ya kama?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Ko'ina ya kama, Anti. Ban taɓa ganin gyara irinsa ba."

Ta gyaɗa kai, ta sa takalminta, ta tafi ta faɗa wa ma'aikatanta.