Fim Ɗin Da Ba Fassara

Aina'u na tsakar gidansu a Zawaciki tana tsince shinkafa, ido ɗaya a faranti, ɗaya a waya, inda wani jarumin Indiya ya durƙusa cikin furanni yana miƙa wa budurwa hannu.

"Kin ga love ko?" in ji Yaya Badi'a, yayarta da ta zo wuni. "Ba Lawan ɗinki ba, da zai zo zance ya tsaya can nesa, hannu a aljihu kamar mai jiran Adaidaita. Wannan ai raini ne! Gara a mayar musu da kayansu."

Maganar ta soki Aina'u, don akwai ƙamshin gaskiya. Lawan ma'aikacin wani kamfanin jimar fata ne a Challawa. Shekara guda yana zuwa, amma ko tsire ya kawo, sai dai ya ajiye a dakali ya ja baya. Yaya Badi'a ta yi ta zuga har Baba ya gaji, ya ce ran Juma'a Aina'u ta faɗa da bakinta: a sa rana, ko a mayar da kaya. Tana son Lawan, amma tana tsoron auren wanda ko murmushi sai an roƙa.

Ran Laraba ta shiga wajen maƙwabciyarsu Dorkas, ido jawur.

"Zauna ki huce," in ji Dorkas. "Wani injiniya ɗan jihar Kerala ta Indiya, a kamfanin da maigidana ke aiki a Sharada, ya tura masa fim. Yarensu Malayalam, babu fassara fa. Bari in kunna mana."

Da farko dariya ta kama Aina'u. "Wai wannan ne actor ɗin? Ga tumbi, ga gashin baki, ya ɗaura zani kamar zai shiga wanka!"

Ba a yi nisa ba dariyar ta ɗauke. Ikon Allah! Ƙasa kore shar, bishiyoyin kwakwa sun sunkuya kan ruwa, kwale-kwale na ratsa ƙofar gidaje, ruwan sama na zuba har ta ji kamar ta janye ƙafarta. Babu rawa, babu canza kaya sau goma. Kuma da yake babu mai fassara da zai tauna ya ba ta, dole ta zuba ido ga abin da mutane ke yi.

Shi jarumin, igiya yake tufkawa da ɓawon kwakwa. Duk sanda yarinyar da yake so ta zo wucewa, sai ya mayar da hannayensa baya. Kifi zai ba ta, sai ya ajiye a katanga ya matsa. Can aka hasko hannayen, duk sun tsage, sun yi kanta. Yarinyar ta gani. Washegari ta ajiye masa kwalbar man shafawa a daidai wurin.

"Ke, lafiya kike kuka?" in ji Dorkas.

"Anti, na gane yaren nan sarai."

Ran Alhamis da la'asar Lawan ya zo, ya tsaya inda ya saba.

"Malam Lawan, don Allah fito da hannayenka in gani."

Ya yi tsuru-tsuru. "Aina'u, bar su kawai. Ba abin kallo ba ne."

"Na roƙe ka."

A hankali ya zaro su. Sinadarin jima ya cinye fatar, farata sun rine, tafin duk faso.

"Kunya nake ji," ya ce. "Kina son 'yan fim masu hannu sumul. Na ce ranar da kika ga waɗannan, shi ke nan."

Hawaye suka zubo mata. Ta ciro gwangwanin man kaɗanya daga hijabinta, ta ajiye a dakali, ta ja baya kamar yadda yake yi.

Ran Juma'a Baba ya tambaye ta a gaban kowa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "A sa rana, Baba."

"Au! Duk fina-finan da muka kalla ba ki koyi komai ba?" in ji Yaya Badi'a.

"Na koya, Yaya. A wanda ban ji ko kalma ɗaya ba."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. 'Yan mata, a yi hattara: baki na iya rera so, amma labarin zuciya a tambayi fuska, a kuma duba hannun da ke nema. Har yau Lawan bai iya daɗin baki ba, sai dai in ya kawo tsire, a hannu yake miƙa mata.