Ɗaki Sittin a Saman Zauren Kiɗa

Ranar Litinin da la'asar, a ƙaramin zauren da ke hawa na biyu na ginin majalisar birnin Cluj, Ilinca Suciu ta fara ganin Horia. A makare ya shigo, hular keke a hannu, ruwan sama na ɗiga daga rigarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ba kowa haƙuri, sannan ya nemi wurin zama. Kujera ɗaya ce ta rage, ta kusa da ita.

Su ashirin da ɗaya aka zaɓo daga matasan garin don su riƙa ba majalisa shawara kan gidaje da wuraren nishaɗi. Ilinca ma'aikaciyar jinya ce, shekararta ashirin da biyar, kuma har lokacin a kan doguwar kujerar falon iyayenta take kwana, domin hayar ɗaki ɗaya ta fi ƙarfin albashinta. Abin da ya kawo ta ke nan.

Maganar ranar ita ce tsohuwar masana'antar maɓallai, wadda ta shekara goma sha biyar a rufe. Horia Bratu ya miƙe ya ce shi mai haɗa sauti ne a wuraren wasa, kuma yana so a mai da ginin gaba ɗaya gidan kiɗa, don makaɗa matasa ba su da wurin gwaji sai gareji. Ya iya magana, har tafi aka yi masa.

Ilinca ta ɗaga hannu. "In an tashi daga wasan, a ina 'yan kallon za su kwana? A sashenmu kaɗai ma'aikatan jinya tara suka bar garin bana. Ba aikin suka ƙi ba, ɗakin kwana ne ya gagare su."

Ta zaci musu zai yi. Sai ta ga ya zaro biro ya juya bayan takardarsa.

"Tara kika ce? Don Allah ki maimaita mini a hankali."

Abin da ya fara shiga ranta ke nan. Ta saba da samarin da ke jira ka rufe baki su ci gaba daga inda suka tsaya. Wannan kuwa rubutawa yake, har da gyaɗa kai.

Ranar Juma'a saƙonsa ya shigo wayarta:

"Barka da yamma, Ministar Gidaje. Na karanta takardunki sau biyu. Kin fi ni gaskiya, amma ba ki kwashe gaskiyar duka ba, kin rage mini kaɗan. Gobe zan zaga unguwar masana'antar in ji ta bakin mazauna. Za ki zo ki tsare ni kada in yi son kai?"

Ta karanta sau uku kafin ta amsa:

"Zan zo, Sarkin Kiɗa. Unguwarmu ce ai. Ka sa takalmi mai ƙwari, benayenmu dogaye ne."

Asabar shida suka yi suna ƙwanƙwasa ƙofofi. Ilinca na riƙe da takardar tambayoyi, shi kuma yana saurare. Akwai wata tsohuwa, Dochia, da ta zaunar da su awa guda tana faɗa kan hayaniyar yaran zamani. Horia bai katse ta ba ko sau ɗaya. Da ta gama, ya lura rediyonta na ƙara, ya buɗe bayansa da ƙaramin sukudireba ya gyara mata.

"Ke da kanki kin taɓa yin rawa, Kaka?" ya tambaye ta.

"Ni? A zauren cin abincin masana'antar nan na haɗu da marigayi. Babu wadda ta kai ni juyi."

A kan matakala, suna saukowa, ya tsaya cak.

"Ili, me zai hana mu raba? Hawa uku na sama ɗakuna, a ba matasa masu aiki da haya mai sauƙi. Ƙasa zauren kiɗa, a rufe ƙarfe goma. Da safe kuma na su Kaka Dochia ne, su yi rawarsu."

"Ka haƙura da gidan kiɗanka ke nan?"

"Na rage shi dai. Mawaƙi ma ɗaki yake nema. Mu huɗu ne a namu."

Ta dube shi, ta ji wani abu ya narke a ƙirjinta. Suka zauna a nan kan matakala suna zane a bayan takarda. Da suka ƙirga, ɗaki sittin ginin zai ɗauka.

Kafin ƙanƙara ta narke, kowa a majalisar matasa ya san halin da ake ciki. Shi yana jiranta a ƙofar asibiti da waina mai cuku, da zafinta a takarda. Ita kuma ta saƙa masa safar hannu saboda keke.

"Hasken idona, kin ci abinci?" haka saƙonsa na rana yake farawa.

"Na ci, zumana. Kai ne ba na yarda da kai ba, turo hoton kwanon."

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Octavian, shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a masana'antar, kuma tagar ɗakinsa na kallon ƙofarta. Ranar Lahadin da Ilinca ta kawo Horia cin abincin rana, mahaifiyarta Veturia ta cika tebur da naɗin kabeji da nama da tuwon masara. Octavian bai ɗaga cokali ba sai da ya gama tambayoyinsa.

"Aikin me ka ce kana yi?"

"Haɗa sauti, Domnu Octavian," in ji Horia, yana haɗawa da laƙabin girmama dattijo na yarensu.

"Wato kai ne mai ƙara wa hayaniya ƙarfi."

"Wani lokaci ni ne mai rage ta."

"Gida fa?"

"Haya muke, ni da abokaina uku."

Octavian ya juya ga 'yarsa. "A ina zai ajiye ki? A cikin akwatin lasifika?"

"Baba, don Allah."

"Na gama magana. Wurin da na zubar da gumina ba zai zama gidan rawa ba, kuma 'yata ba za ta auri mai kiɗa ba."

Horia ya cinye abin da aka zuba masa, ya yaba wa Veturia girkinta, ya yi sallama cikin ladabi. Ilinca ta raka shi ƙasa idonta cike da hawaye.

"Kada ki ji haushinsa," ya ce. "Ginin nan rabin rayuwarsa ne. Da ni ne, da na fi shi zafi."

Octavian yana da wanda yake so. Cezar ne, ɗan tsohon abokinsa, mai aiki a wani kamfanin dillancin gidaje da ke son a sayar masa da masana'antar ya gina otal. Yana zuwa da mota da furanni, yana kiran Veturia "Mama", Ilinca kuwa ba ta taɓa ba shi fuska ba.

Ana saura mako biyu majalisa ta saurari shawararsu, aka kira taron mazauna unguwar a wata makaranta. Ilinca na bakin aiki, Horia ne ya je ya yi bayani. Washegari wata abokiyar aikinta ta miƙo mata waya ba tare da ta ce komai ba. Ɗan gajeren bidiyo ne da ya zaga gari. Ga Horia a tsaye, ga muryarsa sarai: "Gidaje a wannan ginin ɓata wuri ne."

Ta ji kamar an zare mata ƙasa. Abokan aikinta da ta yi wa alkawarin ɗakuna suna kallonta.

Saƙonsa ya shigo:

"Ili, yanke maganar aka yi. Ba haka na faɗa ba. Ki ba ni minti biyar kawai."

Ta rubuta:

"Da kunnena na ji muryarka, Horia. Ka ƙyale ni."

A rana ta uku ya sake turowa:

"Zumata, ba zan dame ki ba. Takardun aikinmu suna wurin sakatariya, na sa sunanki a sama. Ko ba ni, ki kai su gaban majalisa. Mutum sittin na jira."

Ba ta amsa ba. Ta daina cin abincin kirki, tana dawowa daga aiki ta juya fuska ga bango. Cezar ya zo da furanni sau biyu, ta ce a ce masa ba ta da lafiya.

Ranar Asabar da hantsi Octavian na zaune a baranda yana ɓare tuffa. Ya kira ta ba tare da ya ɗago ba.

"Zauna. Ba na son yaron nan, kin sani."

"Ai ya wuce, Baba. Ka samu yadda kake so."

"Ba ta wannan hanyar ba." Ya ajiye wuƙar. "Ina wurin taron. Na je ne in ƙaryata shi a gaban mutane. Abin da ya ce shi ne, a ranar farko shi ma ya ɗauka gidaje a wannan ginin ɓata wuri ne, sai wata ma'aikaciyar jinya ta gyara masa tunani, kuma tun daga ranar bai ga wanda ya kai ta son garin nan ba. Cezar na zaune a gabana, wayarsa a sama yana ɗaukar bidiyo. Jiya na kira shi na ce kada ya ƙara taka mini gida."

Ilinca ta rufe baki da hannu.

"Kwana huɗu ina faɗa da kaina," in ji Octavian. "Amma ban taɓa cin riba da ƙarya ba, ba kuwa zan fara da tsufana ba. Tashi ki wanke fuskarki."

A lambun tsakiyar gari ta same shi, durƙushe yana naɗe wayoyi a bayan wani dandali. Ya rame. Da ya gan ta ya miƙe, wayar na hannunsa.

"Na zalunce ka," ta ce. "Minti biyar ka roƙa na hana ka."

"Wa ya faɗa miki gaskiyar?"

"Baba."

Ya yi ɗan murmushi. "Dattijon kirki ne. Na faɗa miki ai."

"Ka yafe mini?"

"Tun ranar farko. Amma minti biyar ɗina suna nan, zan karɓa yanzu." Ya goge hannunsa a wando ya riƙe nata. "Ili, ba ni da gida, ba ni da mota. Ina da sana'a, ina da kunne, kuma duka naki ne. Za ki aure ni?"

"Ko minti ɗaya ba ka cinye ba," ta ce tana dariya da hawaye. "Zan aure ka."

Ranar sauraren shawara zauren majalisa ya cika har baranda. Ilinca ta yi bayanin ɗakunan, Horia ya yi na zauren. Wani ɗan majalisa ya ce duk wannan daɗin baki ne, ƙarar kiɗa za ta kori mazauna sama da maƙwabta. Sai aka ga hannu ya tashi daga kujerun jama'a. Octavian ne, cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci.

"Shekara talatin da ɗaya na yi a ƙasan ginin nan," ya ce. "Injin goma sha biyu ne ke bugawa lokaci guda, ba ka jin maganar na kusa da kai. Amma matata na shanya a baranda, taku arba'in daga wurin, ba ta taɓa jin komai ba. Kaurin bangon ya kai mita guda. In ya riƙe injinanmu, zai riƙe gangar yaran nan."

Kafin a kaɗa ƙuri'a Horia ya nemi ƙarin magana ɗaya. Ya ce su ashirin da ɗayan sun amince a rubuta a cikin dokar cewa babu ɗayansu da zai nemi ɗaki a ginin, don kada a ce kansu suka yi wa aiki. Tafi ya ɓarke a zauren. Hannaye suka tashi, shawarar ta wuce.

A kan matakalar waje Octavian ya tare shi.

"Ɗaki sittin, ka hana kanka ko ɗaya. Wawa ne kai ko me?"

"Wataƙila, Domnu Octavian."

"To a ina za ku zauna?"

"Mun samu wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin rufin wani gida, can ƙarshen layin bas. Yana yoyo kaɗan ta gefen taga."

Octavian ya dube shi. "Ka turo mahaifiyarka ranar Lahadi a yi maganar auren. Yoyon kuma ka bar mini, ina da kayan aiki."

A watan Satumba aka ɗaura auren, a ƙaramin cocin katako na ƙauyen su Horia da ke kan tsaunukan Apuseni. Majalisar matasa ta zo gaba ɗaya a bas guda, tare da ma'aikatan jinya na sashen su Ilinca. Limamin cocin ya ɗora musu kambi a ka, ya zagaya da su teburin sau uku, Veturia na share hawaye da gefen gyalenta.

A farfajiya, bayan an ci an sha, Octavian ya miƙe. Masu goge suka dakata. Ya kama hannun 'yarsa ya sa a cikin na Horia, ya rufe su da nasa biyu masu kaushi.

"Ban iya dogon jawabi ba," ya ce. "Na ba ka ita da zuciya ɗaya, ɗana. Kun nema wa wasu matsuguni kafin ku nema wa kanku, Allah ba zai bar ku a waje ba. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ya ba ku gidan dutse."

"Gidan dutse," jama'a suka amsa baki ɗaya, kamar yadda ake yi wa ma'aurata fatan aure mai ɗorewa a ƙasar.

Ilinca ta ɗora kanta a kafaɗar mijinta, masu goge suka ɗauki kiɗa.